Gidajen da Ke Ƙarƙashin Madatsa

Mutanen ƙauyukan ne suka raɗa mata suna Mai Tambaya, sunan kuwa ya bi ta har ofis. Shekara tara ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu kafin ta samu gurbi a wani ƙaramin ofishin bincike. Kamfanin haƙar ma'adinai yana son ya faɗaɗa raminsa ta gabas, bankin da zai tallafa masa kuma ya ce ba zai sa hannu ba sai an kawo rahoto kan yadda haƙar ta taɓa rayuwar mutanen wurin. Ofishinsu aka ba aikin. Aka miƙa mata jaka, da kwalkwalin da ya fi kanta girma, da takardar tambayoyi mai shafi shida, da taswirar da aka zagaye ƙauyuka uku a jikinta da jan biro.

"Abin da ke cikin jan layin nan shi ne naki," in ji shugaban ofis. Dattijo ne mai furfura, wanda ba ya rabuwa da maganin ciwon ciki a aljihun tebur. "Ki tambaya, ki rubuta, ki dawo. Kada ki yi wa kowa alkawari."

Ta sauka a ɗakin yayanta, a unguwar ma'aikatan kamfanin. Shi ke tuƙa tankar ruwan da ke yayyafa wa hanyoyin tifofi. Da ya gan ta da kwalkwali har gira, sai da ya zauna don dariya.

"To ashe aikinmu ɗaya, ƙanwata. Ni ina kwantar da ƙura da ruwa, ke kina kwantar da ita da biro."

"Ni tayar da ita zan yi, Yaya."

"A'aha. Ki dai bari in gama biya wa yara makaranta tukuna."

Mako uku ta yi tana shiga gida-gida. Amsoshin kusan iri ɗaya ne. Bango ya tsage, tari ya hana tsofaffi sakat, kasuwa ta buɗe amma komai ya yi tsada, samari sun bar gona suna jiran a ɗauke su gadi. Tana rubutawa har yatsanta na tsakiya ya yi kanta.

A rana ta ashirin da biyu aka rufe babbar hanya saboda za a fasa dutse, direban ofis ya bi wata ɓarauniyar hanya ta ƙasan madatsa. Madatsar wani jibgegen bango ne na jar ƙasa, tsayinsa ya fi gidan bene mai hawa goma, a bayansa ake tara ruwan laka da ya fito daga wankin ma'adini. A gindin bangon, inda taswirarta ta nuna fili fetal, sai ta hango hayaƙi da rufin kwano da shanyar kaya.

"Tsaya," ta ce.

"Waɗannan ba sa cikin takardarki, Malama."

"Ai shi ya sa na ce ka tsaya."

Wadda ta fara tararwa wata tsohuwa ce, zaune a kan buhu, hannuwanta duk yumɓu har gwiwar hannu. Maginiyar tukwane ce. A gefenta an jera randuna da tuluna, a bayanta kuma tsibin fasassu ya kai ƙugun mutum. Tsohuwar ta dube ta daga kwalkwali har takalmi.

"'Yata, wa ya kifa miki kwano a ka?"

Mai Tambaya ta cire kwalkwalin, ta durƙusa ta gaishe ta. "Inna, tambayoyi nake yi a kan kamfani."

"Kin zo gidan amsa. Zauna. Amma kada ki roƙi ruwa, don ina jin kunyar baƙo."

Tsohuwar da kanta ta kai ta rijiyarsu. Ruwan da guga ya fito da shi kalar shayin da ya kwana, da wani maiƙo-maiƙo a samansa, yana warin tsatsa. Daga gindin madatsa wani siririn ruwa yana tsattsafowa, ya bi ta bayan gidaje, duk inda ya bi ko ciyawa babu. Yara uku suna tsaye suna kallonsu, ƙafafunsu cike da ƙuraje masu ruwa.

Suna nan jiniya ta yi kuka daga can sama. Nan take kowa ya bar abin da yake yi. Mata suka sauke tukwanen girki daga murhu, tsohuwar ta ruga da sauri irin na tsofaffi ta rungume babbar randarta. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafa, sannan ƙarar ta iso. Da ta lafa, sai aka ji wani ɗan "ƙas" daga cikin jerin tuluna. Tsohuwar ba ta ko duba ba.

"Na uku daga hagu ne," ta ce. "Tun jiya na san ba zai kai ba. Kullum sha biyun rana sai sun karɓi rabonsu."

A nan ta ba ta labari. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ramin farko ya cinye ƙauyensu. Kamfani ya gina musu gidajen bulo a kan wani tudu, an jera su reras, an yi musu fenti. Sai dai tudun babu ruwa, babu gona, yumɓu kuwa sai ka yi tafiyar rabin yini. Suka daure shekara biyu. Daga nan wasu suka fara saukowa da ɗaiɗai zuwa wannan kwarin, inda yumɓu yake kuma ƙasa ke karɓar iri. A lokacin madatsar ba ta fi tsayin mutum biyu ba. A kansu ta girma.

Mai Tambaya ta zaro takarda. Kafin ta buɗe biro, wani mutum ya fito daga wata rumfa, baƙin gilashin walda a goshinsa. Ɗan tsohuwar ne, mai walda, shi ke gyara wa mutanen kwarin garma da ƙofofi.

"Malama, mayar da takardar nan jaka."

"Ba cutar da ku zan yi ba."

"Na sani. Amma shekara tara muna nan, ba wanda ya taɓa mu, don ba wanda ya rubuta mu. Masu gadi sun san da mu, direbobi sun san da mu, har yayanki mai tanka na sauke mana ruwa in ya samu sarari. Muddin ba mu hau takarda ba, an bar mu. Ki tafi abinki."

Ta yi masa bayani a tsanake, irin yadda take yi wa 'yan aji. Bankin yana da ƙa'ida a rubuce, ta karanta da idonta: duk wanda aikin ya shafa sai an sama masa wurin zama da ruwa da hanyar cin abinci. In suna cikin rahoto, dole a kula da su. In ba sa ciki, ranar da bangon nan ya ɓalle, ko adadinsu ba za a sani ba. Kuma za a ƙara wa madatsar tsayi idan aka faɗaɗa rami. Tana magana tana jin gaskiyarta har cikin ƙashi.

"Kin tabbata?" in ji mai walda.

Ta tuna gargaɗin shugabanta, ta kuma dubi ƙafafun yaran. "Na tabbata."

Tsohuwar ta goge hannu a zaninta. "Rubuta, 'yata. Na gaji da zaman ɓoyo kamar na saci wani abu. Fara da ni."

Kwana biyar ta yi tana zuwa kwarin. Gida talatin da huɗu, mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Ta ɗauki hoton rijiya da na tsattsafin ruwa da na ƙuraje. Ta cike kowane gurbi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kuna da takardar mallakar wannan fili? Babu. Kamfani ya taɓa ba ku matsuguni? Ya taɓa. Kuna zaune a cikinsa? A'a. A rana ta ƙarshe tsohuwar ta ba ta ɗan ƙaramin tulu, ta ce ta riƙe shi nesa da sha biyun rana.

Shugaban ofis ya karanta babin kwarin sau biyu, ya cire tabarau, ya haɗiye ƙwaya ɗaya ba ruwa.

"Aiki ne mai kyau. Cire shi."

"Ranka ya daɗe?"

"Na ce ki cire. Ko ki bar ni in kai maganar da baki ga wani injiniya da na sani, a lallaɓa a ja musu famfo, a yi shiru."

"Famfo? Bango na tsattsafo a kansu, ka ce famfo?"

"Malama, ke kin karanta wannan da zuciyar malamar makaranta. Akwai waɗanda za su karanta shi da idon lauya. Shekara ashirin ina wannan aikin. Ki ji maganata."

Ta dube shi, ta ga tsohon da ya gaji, wanda ke tsoron kada kwangila ta gaba ta kuɓuce masa. A ranta ta ce an riga an saye shi. Ba ta yi musu ba, ta ce to. Da ta koma teburinta, ta haɗa babin da hotunan ta tura kai tsaye ga jami'ar bankin da ke kula da aikin, ta kuma sa adireshin shugabanta don ya gani. Bai kira ta ba, bai yi faɗa ba. Da ya wuce ta gaban teburinta lokacin tashi, cewa kawai ya yi, "Allah ya sa ni ne na yi kuskure."

Jami'ar bankin ta amsa washegari. Ta yaba ƙwarai, ta ce wannan shi ne irin binciken da suke nema, kuma ba za a ci gaba ba sai an warware matsalar kwarin. Mai Tambaya ta karanta saƙon har sau huɗu. Ta kira yayanta ta ce ya gaya wa Inna an ji kukansu.

Bayan mako bakwai, da hantsi, yayan ya kira ta. Muryarsa ba wasa a cikinta.

"An manna takarda a kwari. Na ɗauki hoto, duba wayarki."

Sanarwa ce daga hukumar ƙasa ta yankin. Ta ce binciken masana ya tabbatar da cewa wasu mutane suna zaune a ƙarƙashin madatsa cikin haɗari mai tsanani. Ta ce binciken ya kuma tabbatar, da bakin mutanen, cewa ba su da takardar filin, kuma an riga an ba su matsuguni shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Saboda haka, domin kare rayukansu, an ba su kwana bakwai su koma inda aka ajiye su tun farko. A ƙasa an rubuta lambar shafin rahoto. Shafinta ne, na arba'in da biyu.

Ta shiga ofishin shugaba ba sallama. Ya tura mata wasiƙar lauyoyin kamfani ba tare da ya ɗago ba. Ƙa'idar bankin ta ce a sama wa wanda aikin ya tayar matsuguni. Ba ta ce a yi masa sau biyu ba.

"Gidajen tudun fa? Wasu rufinsu ya tafi, wasu an shiga an zauna. Kuma babu ruwa! Na rubuta babu ruwa!"

"Kin rubuta, a shafi na arba'in da huɗu. Su na arba'in da biyu suke so."

Ta kira jami'ar banki. Matar ta saurare ta da haƙuri, ta ce ta fahimci damuwarta, amma ba za ta iya cewa a bar mutane a ƙarƙashin bangon da rahoto ya ce yana yoyo ba. Batun ruwan tudu kuma za a duba shi a zagaye na gaba na bibiya, bayan wata shida. Kwana shidan da suka rage Mai Tambaya ta yi su tsakanin hukumar ƙasa da ƙofar kamfani da ofishin wani lauya da ya ce a dawo mako mai zuwa. Ko'ina an ba ta kujera, an saurare ta da ladabi. Kwari kuwa ta kasa zuwa.

A rana ta bakwai ta je. Ta tarar da katafila biyu a bakin hanya, da motar 'yan sanda, da tifofi uku da kamfani ya bayar don kwashe kaya. A bayan katafilolin akwai tankar ruwa. Ta san lambarta. Ta hau matakalar ta buga gilashi.

"Yaya, har da kai?"

Bai dube ta ba. Hannuwansa biyu a kan sitiyari. "Sunana aka rubuta a allo."

"Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce mota ta lalace."

"In na sauka wani zai hau kafin kujerar ta huce. Kuma in ba a yayyafa ba, yaran nan ƙura za su shaƙa a kan abin da ke damunsu." Ya ƙara da cewa, "Shekara huɗu ina sauke musu ruwa a ɓoye, ba wanda ya sani. Me ya kai ki, ƙanwata?"

Ta sauko daga matakalar.

Mutane suna ɗaiɗaye rufin gidajensu da kansu, don kwanon ya tsira. Mai walda yana saman rumfarsa yana cire ƙusa. Ya gan ta, ya ci gaba da aikinsa. Wata mata mai goyo ta tsaya a gabanta ta ce, "Mai Tambaya, yau babu tambaya?" Wasu suka yi wata dariya marar daɗi. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu, ita kuwa ta so a ce an yi.

Tsohuwar tana gaban jerin tukwanenta. An ce kowane gida katifa, da kwano, da buhun hatsi, da abin da ya samu wuri. Randuna ba su samu wuri ba. Mai Tambaya ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ban san haka za a yi ba. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba." Tsohuwar tana ɗaure wani ƙullin kaya, ba ta daina ba. "Da kin ce mana ba ki sani ba, da mun yi shawara. Cewa kika yi kin tabbata."

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗora ƙullin a ka, ta nufi tifa. Ɗanta ya sauko ya ɗaga ta ya zaunar a kan katifu. Kafin la'asar katafilolin sun gama. Sun bi ta kan randunan ba tare da sun rage gudu ba, tankar yayanta tana biye tana jiƙa abin da suka bari.

An amince da faɗaɗa ramin a watan da ya biyo. A taron da aka yi, an ambaci rahoton ofishinsu a matsayin abin koyi, wanda ya ceci mutum ɗari biyu da sha ɗaya daga haɗari. Ta rubuta takardar barin aiki, ta ajiye a jaka mako biyu. Shugaban ya ce mata in ta tafi, wani za a tura bibiyar wata shida, wanda bai san fuskar kowa ba, zai je ya cike gurbi a cikin mota ya dawo. Sai ta yaga takardar. Tsakaninta da yayanta kuma magana ta koma gaisuwa.

Da wata shida suka cika ta hau tudun. Cikin gida talatin da huɗu, tara ta samu. Suna sayen ruwa a jarka daga masu kura, mazan suna sauka gari neman dako. Sauran sun watse, wasu wajen dangi, wasu ba a san inda suka nufa ba. Waɗanda ta samu suka amsa gaisuwarta, amma da ta zaro takarda sai kowa ya tuna yana da abin yi. Wata yarinya ce ta gaya mata mai walda ya samu aiki a wani gareji a bayan tashar mota.

Ta same shi tsugune a ƙarƙashin wata motar haya, yana like bututun hayaƙi. Ta jira har ya kashe wutar. Ya ture gilashin zuwa goshi, ya dube ta. Ya rame, gemunsa ya fara fari.

"Malama."

"Na zo gaishe da Inna ne. Ba aiki ya kawo ni wurinta ba."

"Tana wajen ƙanwata. Ɗaki ɗaya ne, su bakwai. Ba ta fita. Da safe takan zauna tana murza hannu a gwiwa, haka, haka, har rana ta yi. Likita ya ce ba abin da ke damunta."

"Ka nuna mini gidan. Ko wani abu zan iya yi."

"Kamar me?"

Idonsa ya sauka kan jakar da ke kafaɗarta, ya daɗe a wurin.

"Ba na riƙe ki a zuci, Malama. Ko da ba ki zo ba, da rijiyar can ta kashe mu, wataƙila bangon ma. Ina tunanin haka wani lokaci. Amma ba zan nuna miki gidan ba. Ki rubuta ba a same mu ba."

Ya sauke gilashin, ya koma ƙarƙashin motar. Mai garejin ya zo ya ce mata ta ɗan matsa baya saboda tartsatsi, ta matsa. Ta tsaya can gefe na ɗan lokaci, sannan ta koma inda direba ke jiranta. Ya tambaye ta ina suka nufa. An ce mata wasu gidaje biyu suna wata unguwa bayan mayanka, ba a dai tabbatar ba. Ta ce su gwada can.